Tambaya da Amsa: Lasifika shida na haɗa, biyu ne kawai ke magana

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan karon, kuma duk a kan abu guda suke: yadda za a fitar da sautin kewaye daga kwamfuta zuwa risiba, wato akwatin nan da ke karɓar sauti ya ƙara masa ƙarfi ya rarraba wa lasifikoki. Ta farkon ce za ta fi cin wuri, domin wanda ya gane amsarta ya riga ya gane rabin sauran.

Tambaya: Malam, ina da risiba da lasifika biyar da wufa ɗaya, wato lasifikar da ke fitar da amon ƙasa. Na haɗa ta da kwamfutata ta wayar haske, wadda ake ce wa optical. Idan na sa wasu finafinai sai in ji sauti ta ko'ina, har ta bayana. Amma da zarar na buɗe wasan kwamfuta, lasifika biyu na gaba ne kawai ke aiki. Na shiga saitin Windows ina neman 5.1, wato tsarin lasifika biyar da wufa ɗaya, ban gan shi ba. Na canza wayar har sau biyu. Risibar ce ta lalace, ko katin sauti?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace, kuma don Allah kada ka sayi waya ta uku. Tunda har fim yana fita ta lasifika shida, wayarka lafiyarta ƙalau, risibar ma haka. Matsalar tana ga irin hanyar da ka zaɓa.

Tsarin da wayar haske ke aiki da shi sunansa S/PDIF, kamfanonin Sony da Philips ne suka tsara shi a zamanin faifan CD, ita kuma kafar hasken, TOSLINK, kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983. A wancan lokacin layi biyu ake da shi, hagu da dama, saboda haka gurbi biyu kacal aka yanka wa sauti a cikin tsarin. Har yau haka yake, ko ta wayar haske ka bi ko ta 'yar'uwarta ta tagulla mai suna coaxial. Ka duba lissafin: sautin da ba a matse ba, wanda ake kira PCM, idan ana ɗaukar samfurinsa sau 48,000 a daƙiƙa, kowane samfuri bit 16, layi biyu zai ci bit 1,536,000 a daƙiƙa guda. Layi shida kuwa 4,608,000 yake nema, ninki uku ke nan, kuma babu gurbin da aka tanadar wa sauran huɗun.

To ta yaya fim ke wucewa? Dabara aka yi. Tun a wurin haɗa fim ɗin aka matse layukan shida aka ƙunshe su wuri guda, ƙunshin da ake kira Dolby Digital ko DTS. Dolby Digital ba ya wuce kilobit 640 a daƙiƙa, na faifan DVD ma yawanci 448 ne ko ƙasa da haka, DTS kuma yana kaiwa wajen 1,500. Duk cikinsu babu wanda ya fi ƙarfin gurbin nan biyu masu ɗaukar kilobit 1,536, sai a cusa ƙunshin a ciki ya wuce. Kwamfuta ba ta taɓa shi ba, miƙawa kawai take yi, risiba ce ke kwance shi ta ba kowace lasifika nata.

Wasa kuwa ba haka yake ba. Babu wanda ya san ta ina za ka juya, ko ta ina mota za ta ɓullo maka, saboda haka babu wanda zai iya ƙunshe sautin tun da wuri. A nan take kwamfuta ke haɗa shi, ya fito a baje, layi shida na PCM. Da ya iso bakin kafar haske sai ya tarar da gurbi biyu, shi ke nan sai a dunƙule shi ya koma hagu da dama. Shi ya sa ma Windows bai nuna maka 5.1 ba. Ya san kafar ba za ta ɗauka ba.

Shawarata ta farko, kuma wadda nake ba kusan kowa: ka zagaya bayan risibarka ka duba ko tana da kafar HDMI. Idan akwai, ka ajiye wayar haske, ka ja wayar HDMI daga katin hoton kwamfutar zuwa ɗaya daga kafofin da aka rubuta wa IN, sannan daga kafar OUT zuwa talabijin ko allonka. Tun fitowar HDMI a ƙarshen 2002 take ɗaukar layi takwas na PCM a baje, ba matsi ba komai, daga 2006 kuma aka ƙara mata ikon ɗaukar Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, waɗanda wayar haske ba ta iya ɗauka sam. Abu ɗaya da ke ba mutane mamaki shi ne ta katin hoto sautin zai fita, katin sautinka ba shi da hannu a ciki. Saboda haka direban katin hoton, wato manhajar da ke sarrafa shi, na Nvidia ne ko AMD ko Intel, shi za ka tabbatar yana nan daidai. Akwai kuma wasu risibobi na farkon zamanin HDMI da hoto kawai suke wucewa da shi, ba sa karɓar sautin da ke cikin wayar. Idan taka ta tsufa sosai, littafinta zai gaya maka.

Bayan ka haɗa, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka buga Enter. A shafin Playback za ka ga sunan risibar. Ka zaɓe ta, ka danna Set Default, sannan Configure, ka zaɓi 5.1 Surround, ka danna Test. Za ka ji ƙararrawa tana bin lasifikokin ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci za ka ga 5.1 iri biyu, ɗaya da lasifikokin kewaye a gefe, ɗaya a baya. Ka gwada duka, wanda ya sa lasifikokinka na kewaye suka amsa daidai shi za ka bari. Kada ka manta da cikin wasan kansa, yawancinsu suna da nasu saitin sauti, kuma idan yana kan Stereo ko Headphones duk aikin da ka yi a Windows ba zai fito ba.

Idan kuwa babu HDMI a risibar, sauran mafita ita ce ka samo abin da zai riƙa ƙunshe sautin nan take kafin ya shiga wayar haske. Abu biyu ke yin wannan aikin: Dolby Digital Live da DTS Connect. Lasisi ake biya musu, shi ya sa ba kowane katin sauti ke da su ba, kuma yawancin waɗanda ke zuwa manne da babban allon kwamfuta ba su da su. Katin Sound Blaster Z na kamfanin Creative yana da duka biyun. Na yi aiki da wannan hanyar shekaru, kuma tana biyan buƙata, sai dai ka sani matsi yana rage wa sauti wani abu kaɗan, kuma akwai ɗan jinkiri tsakanin abin da ya faru a allo da isowarsa kunnenka. Za ka ci karo da direbobin da aka yi wa kwaskwarima a intanet, ana cewa suna buɗe wannan damar kyauta. Ni ban yarda ka sa su ba. Direba yana shiga can cikin zuciyar kwamfuta, kuma ba ka san hannun da ya taɓa shi ba.

Yanzu bari in ɗan daɗe a kan abin da na fi so ka riƙe, wato ɗan allon da ke gaban risibar. A nan ne gani ya kori ji a zahiri. Na taɓa zuwa duba kayan wani abokina da ya yi wata uku yana jin daɗin abin da ya ɗauka sautin kewaye ne. Lasifikokinsa duka suna ƙara, har na baya. Na durƙusa gaban risibar na danna maɓallin Info a rimot, sai ga ƙananan akwatuna biyu kawai a kunne, L da R, ga PCM a rubuce, a gefe kuma an sa PL II. Wato layi biyu ne ke shigowa, risibar ce ke yin hasashe tana yayyafa wa sauran lasifikokin abin da ta ga ya dace. Wannan shi ne aikin Dolby Pro Logic II, sababbin risibobi kuma suna da Dolby Surround da DTS Neural:X masu irin wannan aikin, ga kuma All Channel Stereo wanda ke zuba abu ɗaya a ko'ina. Ba laifi ba ne, ga waƙa ma yana da daɗi. Amma a wasa, inda kake so takun da ke bayanka ta hagu ya fito daga lasifikar baya ta hagu, hasashe ba ya isa. Da muka mayar da shi HDMI akwatunan suka kunna guda shida, L, C, R, SL, SR da SW, ya sa wasansa na tsere, mota ta biyo shi ta dama, sai da ya waiwaya.

Kuma kada ka firgita idan bayan ka koma HDMI ka daina ganin kalmar Dolby a allon, ka ga Multi Ch In ko PCM 5.1. Wannan shi ne daidai, ma'anarsa kwamfuta ta riga ta kwance sautin ta turo shi a baje. Mutane da yawa suna rubuto mini hankali a tashe a kan haka, suna zaton sun yi asara, alhali PCM mai layi shida ya fi Dolby Digital tsabta, tunda ba a sake matse shi ba.

Ka ce "wasu finafinai", kuma na lura da kalmar. Waɗanda ba sa fita ta shida, ko dai sautinsu dama layi biyu ne, kamar kusan duk waƙoƙi da yawancin abin da ake kallo a YouTube, ko kuma yana cikin wani irin ƙunshin da risiba ba ta karɓa ta wayar haske, kamar AAC. Ga mai zama a kan wayar haske, manhajar Kodi tana da saitin da ke mayar da irin wannan zuwa Dolby Digital nan take, amma ga abin da ake kallo a cikinta kawai. A VLC kuma ka shiga saitin Audio ka kunna HDMI/SPDIF audio passthrough. A Windows, cikin Properties na kafar, ka sa alama a Dolby Digital da DTS Audio a shafin Supported Formats, a shafin Advanced kuma ka bar manhajoji su iya mallakar na'urar su kaɗai. Lokacin da ake miƙa ƙunshi haka, ma'aunin ƙarar Windows ba zai yi aiki ba, sauran sautukan kwamfuta ma za su yi shiru. Rimot ɗin risiba za ka riƙe.

Tambaya: Kwamfutata na haɗe da talabijin ta HDMI, shi kuma talabijin yana tura sauti zuwa risiba ta kafar ARC. Na yi haka ne saboda risibar ba ta wucewa da hoton 4K. Amma Windows sitiriyo kawai yake nuna mini. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, haɗin da kika yi yana da ma'ana, sai dai ya hana kwamfuta ganin risibar. Duk lokacin da aka sa wayar HDMI, kwamfuta tana tambayar abin da ke ɗaya bakin wayar me yake iya karɓa, shi kuma ya turo mata bayanin kansa, wanda ake kira EDID. A wajenki talabijin ne ke amsawa, kuma lasifika biyu gare shi, sai ya ce biyu. Risibar tana can bayansa, ba a tambaye ta ba. Ko da an tambaye ta ma, ARC, wanda ya zo da HDMI 1.4 a 2009, ɗaukarsa ba ta fi ta wayar haske da yawa ba: PCM mai layi biyu, ko ƙunshin Dolby Digital, wani talabijin ɗin ya ƙara da Dolby Digital Plus ko DTS. Magajinsa eARC, da ya zo da HDMI 2.1 a 2017, shi ne ke ɗaukar layi shida ko takwas a baje, amma sai talabijin da risiba duka suna da shi, kuma an kunna shi a saitin talabijin. Risibar da ba ta san 4K ba da wuya ta san eARC.

Idan fim ne kawai damuwarki, za ki iya barin haɗin yadda yake: ki kunna miƙa ƙunshi a manhajar kallonki kamar yadda na gaya wa ɗan'uwanmu a sama, a talabijin kuma ki nemi saitin fitar sautin dijital ki ɗauke shi daga PCM ki mayar Auto ko Passthrough. Dolby Digital zai wuce. DTS kuwa ba kowane talabijin ke barinsa ya wuce ba.

Idan kuma kina son komai da komai ya fita ta shida, ki raba hanya: waya ɗaya daga kwamfuta zuwa talabijin don hoto, ta biyu daga wata kafar katin hoton zuwa risiba don sauti. Idan kafar da ta rage DisplayPort ce, ɗan mahaɗin DisplayPort zuwa HDMI yana ɗaukar sauti. A laftof kafar USB-C ma za ta yi, muddin irin mai fitar da hoto ce, don ba dukansu ba ne. Amma ki shirya wa abu ɗaya. A tsarin HDMI sauti ba ya tafiya shi kaɗai, a 'yan guraben da ke tsakanin layukan hoto ake saka shi, in babu hoto babu sauti. Saboda haka Windows zai ɗauki risibar a matsayin allo na biyu, allon da ba ki gani. Kibiyar linzami za ta riƙa zamewa can ta ɓace, wani lokaci manhaja ta buɗe a can ki yi ta nema. Abin da nake yi shi ne in danna Windows da P in zaɓi Extend, sannan a saitin Display in ja wannan allon in jingina shi a kusurwar babban, ƙarshe da ƙarshe, yadda kibiya ba za ta faɗa ba sai da gangan. Kada ki zaɓi Duplicate, domin yakan jawo hoton talabijin ya sauko daidai da abin da risibar ke iyawa, 4K ɗin da kike karewa ya tafi. Ki kuma saba da kunna risiba kafin ki buɗe fim ko wasa, saboda idan ta mutu Windows yana ɗauka an cire allo ne, sai ya mayar da sauti wani wurin.

Tambaya: Ɗana, risibata ta kusa shekara ashirin, ba ta da HDMI, amma sautinta har yau ban ji wanda ya fi shi ba. A bayanta akwai kafofi shida da aka rubuta wa Multi Ch Input. Jikana ya haɗa mini da kwamfuta da wayoyi uku, sai dai muryar masu magana a fim ta zama kamar daga cikin rijiya, lasifikar tsakiya kuma sai gurnani.

Amsa: Baba, ranka ya daɗe, da tsohuwar zuma ake magani, kuma ba zan ce ku rabu da ita ba. Hanyar da jikanku ya bi mai kyau ce ƙwarai, ta ma fi wayar haske ta fuska ɗaya: kwamfuta ce ke kwance komai ta fitar da layi shida, saboda haka fim da wasa duk za su fita daidai ba tare da neman wani lasisi ba.

Kafofin da ke bayan kwamfuta launi ne ke bambanta su. Koriya ta lasifikokin gaba ce, hagu da dama. Baƙa ta na baya ce. Mai ruwan lemo kuwa ita ce ke ɗauke da lasifikar tsakiya da wufa tare, kuma a nan abin ya karkace. Wayar da ta fito daga cikinta ta rabu biyu, kai fari da kai ja, babu abin da ke nuna wanne ne na tsakiya wanne ne na wufa, kuma an saka su a juye. Kusan duk maganar fim ta lasifikar tsakiya take fita, yanzu ta tafi wufa, wadda ba ta iya fitar da komai sai ƙaramin amo na ƙasa, shi ya sa kuke jin ta kamar daga rijiya. Gurnanin da ya kamata wufa ta yi kuma ya koma tsakiya. Ku rage ƙara, ku kashe risibar, jikanku ya musanya waɗannan kawuna biyu a kafofin Center da Subwoofer. Gara a yi da wuri, don lasifikar tsakiya ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyin ba.

Bayan haka mai yiwuwa ku ji wufa ta yi rauni. Dalili biyu ne. A tsarin fim ana ajiye layin wufa ƙasa da sauran da desibel 10, ana sa ran wanda ya kwance sautin zai mayar masa da su, kuma ta wannan hanyar wani lokaci babu mai mayarwa, sai an ƙara da hannu a risiba ko a jikin wufar. Na biyu, yawancin risibobi ba sa taɓa abin da ya shigo ta kafofin nan shida, ba sa kwashe amon ƙasa daga ƙananan lasifikoki su kai wa wufa kamar yadda suke yi wa sautin dijital. Wannan aikin ya koma kan kwamfuta: a cikin Configure na Windows a cire alamar Full-range daga lasifikokin idan ƙanana ne, a manhajar katin sauti kuma a kunna Bass Management, idan ta ba da zaɓin iyaka a sa 80 Hz. In kun ji wani zuuu mai ɗorewa ko babu abin da ke kunne, ku gwada jona kwamfuta da risiba a soket ɗaya, sau da yawa yana kashe shi.

Da an gama, jikanku ya danna Test ku kuma ku zauna a kujerar da kuka saba zama. Duk lasifikar da hotonta ya haskaka a allon kwamfuta, ita ya kamata ku ji a ɗakin. Idan ta tsakiya ta haskaka kuka ji ƙararrawa garau daga gabanku, ta wufa ta haskaka kuka ji ƙasa ta ɗan girgiza, to a sa fim ɗin da muryoyinsa suka nutse ɗin nan, daga wurin da ake hira.